Tarwadar da Kum Ya Raɗa wa Suna

A duk ƙauyenmu na bakin kogin Tisa, babu ƙofar da ta kai ta akwatin kifin Radivoj wuyar shiga. Mutane kan ce gara ka nemi takardar tsallake iyaka da ka nema wa kifinka wurin zama a gidan tsohon nan.

Shekara talatin da ɗaya Radivoj ya yi yana aikin fito, yana ƙetare da mutane da shanunsu da kekunansu a kan Tisa. Da aka gina gada aikin ya mutu, sai ya dawo gida ya rasa abin yi da hannuwansa. Ya je ya sayo gilasan tagar wani shagon tela da aka rufe, ya haɗa akwatin da ya cinye bango guda na falonsu. Ya ɗebo yashin kogi da kansa, ya jera saiwoyin itatuwan bakin ruwa, ya dasa ciyayin fadama. Matarsa Smiljka ta ce ba komai, gara ya zauna yana kallon ruwa da ya zauna yana kallon tukunyarta yana ba ta shawara.

Kifin Tisa kaɗai yake sawa, kuma ba kowanne ba. Yana da 'yan gavcitsa arba'in da biyu, ƙananan kifayen nan masu faɗin cokali, waɗanda mazansu kan yi jajawur da bazara kamar an shafa musu ruwan inabi, matan kuma su zuba ƙwai a cikin ƙumbar ruwa mai rai. Don su ya ajiye ƙumba uku a yashi. Akwai waɗansu 'yan masu gemu da ke share ƙasa. Sai kuma babban gida, wani cikov mai tsawon taƙi guda, mai zane a jiki, da ke kwana binne a yashi. Shi wannan ba ya motsi sai in hadari na tafe, sai ya taso yana birgima a saman ruwa kamar wanda tururuwa ta shiga wa riga. Ɗan Duba suke ce masa. Shekara shida Smiljka ba ta shanya ko safa ba sai ta leƙa shi, kuma ta fi yarda da shi a kan mai karanta labarin yanayi a rediyo.

Dokar Radivoj biyu ce, kowa ya haddace su don yawan ji.

"Ka dubi bakin baƙo, ka dubi kan maƙwabcinsa. In kan zai shiga bakin, to wata rana zai shiga." Ta biyu kuma: "Kada ka tambayi girmansa na yau. Tambayi girman ubansa."

Da waɗannan dokoki ya mayar da mai kantin magani da kifinsa mai ƙaya a baya. Da su ya mayar da limamin coci, wanda ya kawo jan kifin ado irin na kasuwa a cikin kwano. Radivoj ya sumbaci hannun liman da ladabi, ya ce, "Uba, wannan baƙon haure ne, kuma mai tona shuka. A yi haƙuri." Liman ya koma da kwanonsa.

To, amma akwai Kum Budimir.

Shi ne ya tsaya musu ranar aure, shi ya riƙe 'ya'yansu biyu a wurin baftisma ya raɗa musu suna, kamar yadda ubansa ya riƙe Radivoj, kakansa ya riƙe uban Radivoj. Mai wannan matsayi shi ake kira kum. Ai kun san maganar: Allah a sama, kum a ƙasa. Ɗan'uwa ana iya shekara goma ba a gaisa da shi a kan iyakar gona, amma ba a ce wa kum a'a. Budimir kuwa ƙato ne mai gashin baki har kunne, matarsa ta rasu, muryarsa in ya yi raɗa ana ji a gidan maƙwabta. Tun da ya zama gwauro bai taɓa kuskure abincin ranar Lahadi a gidan Smiljka ba.

Ranar slava ce abin ya faru, ranar waliyyi Nikola, waliyyin gidansu Radivoj, ana tsakiyar sanyin Disamba. An kunna kyandir, an yanka gurasar albarka, an zagaya da dafaffiyar alkama. Radivoj na tsaye da kwalbar barasar nan da ake kira rakiya a hannu, don maigida ba ya zama ranar slavarsa, hidimar baƙi yake yi har su watse. Kum na zaune a kan tebur, wurin da ya gada. Da ya gama da wake da soyayyen kifi, sai ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da kwalbar zuma cike da ruwa.

"Rade!" ya kira Radivoj. "Zo ka ga abin da na kawo maka. Da hannuna na tsamo shi daga komar masunta."

A cikin kwalbar wani ɗan baƙin abu ne, bai fi ɗan yatsa ba, da dogon gemu biyu da baki mai faɗi kamar yana murmushi. Radivoj ya gane shi tun daga nesa. Wanda ya shekara talatin a kan Tisa ya san ɗan tarwada. Ya taɓa ganin uban irin wannan an ɗora shi a amalanke, wutsiyarsa na jan ƙasa, an farka cikinsa an sami agwagwa guda.

"Kum," in ji Radivoj, muryarsa ta yi siriri, "ai wannan…"

"Kyakkyawa, ko? Dubi gashin bakin nan! Wa ya tuna maka?"

Baƙi suka kwashe da dariya, suka ce wallahi kamar an tsaga kara.

"To, tunda ni ke raɗa suna a gidan nan, na raɗa masa. Budimir Ƙarami!"

Ya miƙe, ya ɗage murfin akwatin da ko Smiljka ba ta isa ta taɓa ba, ya juye kwalbar da ruwanta da komai. Radivoj, wanda kan tsare sabon kifi mako biyu a baho kafin ya bar shi ya ga sauran, yana tsaye da kwalbar rakiya. Bakinsa ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya raya, Kum."

Da baƙi suka tafi, Smiljka na goge tebur ta ce, "Tsoho, na ji ka mayar da liman."

"Liman daban."

"Ina dokar baki da kai?"

"Ai ƙarami ne tukuna."

"Ina ta girman uba?"

Ya yi kamar bai ji ba.

Duk tsawon sanyi Budimir Ƙarami bai taɓa kowa ba. Ya sami rami ƙarƙashin saiwa ya shige, gemunsa kaɗai ake gani. Radivoj har ya fara gaya wa kansa cewa wanda ya tashi cikin mutanen kirki yakan ɗauki halinsu. Da ruwa ya fara ɗumi, mazan gavcitsa suka yi ja, wata safiya ya ƙirga ya sami arba'in da ɗaya. Ya goge tabarau ya sake ƙirgawa. Bayan kwana uku talatin da tara. Budimir Ƙarami na kwance a bakin raminsa, ciki ya yi tulu, yana murmushin nan nasa.

Mai hankali da ya ɗauki koma ya tsame kifi ɗaya ya kai kogi, tafiyar minti biyar. Radivoj ya san haka sarai. Amma kowace Lahadi Kum kan shigo, kafin ya gaida mutanen gida sai ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa.

"Ina takwarana? A'a, ka ga ɗan halak! Ya ƙara ƙiba. Rade, kana kula da shi, na gode."

"Kum, ƙananan nan suna raguwa."

"Ragwaye ne. Ka cika shagwaɓa su. Smiljka, ƙanshin me nake ji haka?"

Sai Radivoj ya yi dabara ta farko. Ya ce ai mai ƙoshi ba ya sata. Ya shiga haƙar tana a bayan gida, yana yanka hantar kaza, yana ɗura wa tarwadar safe da yamma. Kifin ya cinye tana, ya cinye hanta, ya ninka girma cikin wata biyu, bakin da dā gavcitsa ƙarama kaɗai ke shiga yanzu har manyan suna wucewa ba tare da sun taɓa gefe ba.

"Shekara huɗu nake gwada wannan dabarar a kan babban," in ji Smiljka. "Ka taɓa ganin ya bar ko ƙashi a faranti don ya ƙoshi?"

"Ki rage murya, mata."

"Yau Talata. Ba ya nan."

Dabara ta biyu, ya yanko gilashi ya raba akwatin biyu, tarwada a kusurwa, sauran a fili. Kwana biyar aka yi lafiya, ba wanda ya ɓace. Ran Lahadi Kum ya shigo ya tsaya cak, hularsa a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Ɗan ɗaki ne na yi masa, Kum, don ya sake."

"Ɗaki? Kurkuku dai. Mai sunana ne ka kulle a lungu kamar mai cutar annoba? Rade, in ni ne na yi maka yawa a gidan nan, ka faɗa mini a fuskata. Ubana ya riƙe ka kana tsirara kana tsala ihu, ka yi masa fitsari a rigar coci, bai ce komai ba."

Har idonsa ya kawo ruwa. Radivoj ya naɗe hannun riga, ya zare gilashin da kansa, yana ba da haƙuri. Ranar Kum ya ci faranti uku don a nuna an shirya.

Daga nan ne tsohon ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa a shagon aski. Tunda ba zai iya fitar da ɗaya ba, sai ya fara fitar da sauran. Ya bi kwalaben da Smiljka ke tarawa don tsamin kokwamba da barkonon kaka, ya zuba gavcitsa bibbiyu a kowace, ya jera a ɗakin ajiya. Ƙumba uku suka koma babbar tukunyar miya. Masu gemun share ƙasa suka tare a bahon wanka, har ya zama mutanen gida da bokiti suke wanka. Kowace safiya yana zagayawa da buta yana sauya ruwan kwalba goma sha uku. Masu gida suna zaman kwalba a duhu, babu mai ja, babu mai ƙwai, baƙo kuwa ya miƙe ƙafa shi kaɗai a akwatin da ya ci bango guda.

Da kaka ta zo Smiljka ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya da kwandon barkono a ka.

"Ina zan zuba wannan? A hularka?"

"Ki ara wurin maƙwabta."

"In ce musu me? Kwalabena suna da 'yan haya? Kai dai da ɓarawo zai shigo gidan nan ya ce shi kum ne, da kai za ka riƙe masa tsani."

Ɗan Duba kaɗai aka bari a akwatin. Kama shi sai an tone yashin duka, kuma ba kwalbar da za ta ɗauke shi. Radivoj ya auna da idonsa, ya auna da tsinke ta bayan gilashi, ya tabbatar kan Ɗan Duba ya fi bakin tarwadar faɗi. Ya auna a watan Satumba. Bai sake aunawa ba, don yana tsoron amsar.

Saura mako guda slava ta zagayo, Smiljka ta fito da farin mayafin tebur na uwar mijinta, wanda ba a shimfiɗa shi sai ranar waliyyi. Ta wanke, ta sa masa sitaci. Sama ta ɗan yi duhu, sai ta leƙa akwati. Yashi shiru, ba mai birgima. Ta shanya, ta tafi kasuwa da zuciya ɗaya. Kafin ta dawo an tsuge da ruwa da iska, igiya ta tsinke, mayafin na kwance cikin taɓo kaji sun bi ta kansa.

Ta shigo da shi a hannu yana ɗiga. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Radivoj tsoro ke nan.

"Shekara shida bai taɓa yi mini ƙarya ba. Je ka duba shi."

Radivoj ya sa hannu har kafaɗa cikin ruwan sanyi, ya bi yashin da yatsu daga wannan kusurwa zuwa waccan, sau biyu. Ya ɗaga saiwoyi. Ya ɗaga duwatsu. Budimir Ƙarami, wanda yanzu ya kai kamu guda, ya matsa gefe a hankali ya ba shi wuri, kamar maigidan da ke haƙuri da mai shara.

Tsohon ya zauna a kujera, hannun rigarsa na zubar da ruwa a ƙasa. Shi ya tsamo Ɗan Duba daga wani kududdufi da ke ƙafewa, ya kawo shi gida a cikin takalminsa na roba. Ya daɗe a zaune. Smiljka ta dube shi, ta haɗiye maganar da ta tanada, ta kawo masa tawul.

Ana jibi slava, da safe, Smiljka na yankan albasa sai ga mijinta ya shigo kicin rungume da baho an rufe da buhu. Abin da ke ciki yana bugun gefe. Ya ajiye a ƙasa, ya miƙe, ya dubi silin.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji shi.

"Yaushe ka taɓa cewa?" in ji ta. "Miƙo mini babbar wuƙa, da jan barkonon Horgosh, mai zafin."

Shi kuwa ya wuce ɗakin ajiya ya fara kwaso kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Gavcitsa ashirin da shida suka rage. Ya mayar da ƙumba, ya mayar da masu gemu, a ranar aka yi wanka a baho karo na farko tun watan Yuli.

Ranar waliyyi Nikola gida ya cika. Azumi ne, ba nama ba madara, don haka kifi ne sarkin tebur. Aka kawo wa kowa soyayyen kifin kasuwa. Kum kaɗai aka kawo wa ƙaramar tukunyar ƙasa, jar miya na tafasa a ciki, da taliyar gida a gefe. Ya shigo a makare ana tsakiyar addu'a, ga mutane sun tare gaban akwatin, don haka bai sami ƙwanƙwasa gilashi ba.

"Wannan naka ne kai kaɗai, Kum," in ji Smiljka. "Ba a raba shi da kowa."

Ya ɗanɗana, ya lumshe ido. "Smiljka, Allah ya yi wa hannunki albarka. Wannan tarwada ba ta san taɓo ba. Wannan an yi kiwonta. Ji kitse! A ina kuka samo?"

"Rade ne ya san mai ita."

Radivoj na tsaye a bayansa da kwalba, gumi na bin wuyansa ana wannan sanyi. Kum ya cinye, ya tsotse kai, ya goge tukunya da gurasa har tana ƙyalli. Sannan ya share gashin baki ya miƙe.

"Ku ba ni hanya in gaida takwarana."

Aka dare. Ya sunkuya. Ƙananan kifaye na kai da kawowa cikin ciyayi. Ya ƙwanƙwasa da zobe. Ya leƙa ƙarƙashin saiwa.

"Rade. Ina yake?"

Radivoj ya shirya ƙarya uku tun jiya: ya yi tsalle ya faɗo, ya yi ciwo, an kai shi kogi ya ga dangi. Ya buɗe baki ya ɗauko ta farko, sai idonsa ya faɗa kan kusurwar yashin da Ɗan Duba ke kwanciya.

"Yana cikinka, Kum," in ji shi. "Ya cinye mini goma sha shida, ya cinye Ɗan Duba. Tun ranar da ka kawo shi na san zai yi, ban faɗa ba. Laifin nan nawa ne. Amma ba zan ƙara ba."

Matar mai kantin magani ta yi alamar gicciye. Fuskar Kum ta yi ja kamar miyar. Ya dubi tukunya, ya dubi cikinsa, ya dubi kyandir da hoton waliyyi. Ba a zagin maigida a gaban kyandirin slavarsa, ba a kuma aibata abincin da aka yi wa albarka, balle wanda ka goge tukunyarsa da gurasa a gaban shaidu ashirin. Ya ja numfashi har maɓallin rigarsa ya yi ƙara.

"Shi ya sa," in ji shi a hankali. "Na ce wannan daɗin ba na banza ba ne. Asali ba ya ɓuya."

Dariya ta fashe, har da masu tari. Radivoj ya zuba wa Kum rakiya har ta zube a farin mayafi. Yana murna ke nan an wuce wurin, sai ya ga hannun Kum ya nufi aljihun babbar riga.

Kwalbar zuma ce. A ciki wani siririn kore mai dogon baki kamar na agwagwa, ya tsaya cak a ruwa yana kallon akwatin. Ɗan shtuka ne, kifin da ke cin 'yan uwansa tun bai kai allura ba.

"Na kawo shi ne ya zama abokin hirar marigayi," in ji Kum. "To, ga gado ya samu." Ya kai hannu ga murfin akwatin.

Radivoj ya ɗora tafinsa a kan murfin. Bai ɗaga ba.

"Na karɓa da hannu biyu, Kum, na gode. Akwai tsohuwar gangar kabeji a bayan gida, shi kaɗai zai sarauce ta. Nan ciki kuwa a'a."

Suka dubi juna. Kum ya janye hannu, ya murza gashin baki, idonsa ya ƙanƙance.

"To. Amma suna dai har yanzu ni ke raɗawa a gidan nan, ko an karɓe wannan ma?"

"Naka ne, Kum."

"Sunansa Radivoj. Mu ga wanda zai ci wannan baɗi."

Smiljka na kwashe faranti, ko juyowa ba ta yi ba.

"Da ka kawo mana mai wannan suna tun bara, Kum, da ba a yi asarar kowa ba," in ji ta. "Shekara guda cur yakan yi kafin ya buɗe baki."

Radivoj ya ɗauki kwalbar ya fita da ita bayan gida cikin sanyi, ana ta dariya a bayansa. Ya wanke gangar, ya cika ta da ruwa, ya juye takwaransa a ciki, ya rufe da katako. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ɗora dutse a kai.